Firin Keken Huseina

Ranar Litinin bayan azahar wani direban lori ya tsinci Bilyamin kwance a bakin titin Sinnar, kansa a fashe, yana numfashi sama-sama. Bilyamin shi ne gafir, mai tsaron ƙofar ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin hillar, wato ƙauyen. Direban ya ɗauke shi ya wuce da shi asibiti, amma kafin ya tashi ya bar saƙo wurin wata mai sayar da shayi, cewa akwai keke yashe a wurin, da jini a sirdinsa na baya.

Ba sai an tambayi mai shi ba. Daga Wad Haddad har Sinnar keke ɗaya ne mai sirdi biyu da feda huɗu. Marigayi mahaifin Huseina, mai gyaran keke, shi ya yanka kekuna biyu ya haɗa su da walda shekarar da mijinta Sodangi ya makance, don ta riƙa tuƙi a gaba shi yana taka mata a baya. Da shi suke zuwa gona, da shi suke zuwa kasuwa sayar da igiya da tabarmi.

Kuma kowa ya ji abin da Huseina ta faɗa wa Bilyamin ranar Juma'a, da ya hana ta ruwa dawarta na ƙonewa. A gaban mutane ta ce masa sai ya ga abin da zai same shi.

Kafin magariba an kulle ta a ɗakin ajiyar hatsi na gidan shehun hilla. Bolis, wato 'yan sanda, suka aiko cewa gobe da la'asar za su zo su tafi da wanda aka kama.

*

Da sassafe shehu ya aika a kira Mati, mai bin sawu. Shekara talatin Mati yana gano akuyar da aka sace da ɓarawon audugar da ya bi ta cikin ruwa, bai taɓa bin sawun ɗan gidansu ba sai wannan safiya. Huseina ɗiyar wansa ce. A bayansa ya goya ta tana ƙarama. Kuma ya san zafin zuciyarta.

“Ɗiyarka ce,” in ji shehu, bai dube shi ba. “Duk abin da ka ce, za a ce jini ne ya yi magana. Don haka Ɗanjuma zai bi ka, ya zama idon jama'a.”

Mati ya ɗan ji sanyi. Ɗanjuma abokinsa ne tun suna yara suna iyo a kogi, gonarsa tana can ƙarshen ruwa kusa da ta su Huseina. Mutum ne mai sanyin magana, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

“Malesh, sai haƙuri, Mati,” Ɗanjuma ya ce, yana dogara sandarsa mai kan ƙarfe. “Allah shi fid da gaskiya.”

Suka fara da ɗakin hatsi. Sodangi na zaune a bakin ƙofar tun jiya, ya ƙi tashi. Ta tsagar ƙofa Mati ya hango idon Huseina, ya kumbura.

“Baffa, wallahi ban taɓa shi ba. Keken ma ba ya tafiya.”

“Ba ya tafiya kamar yaya?”

“Firi ne, na tayar baya inda sarƙa ke ja. Kwana uku yana zamewa, sai mu taka feda ta tafi banza. Giris ya daskare da ƙura ya riƙe harsunan cikinsa. Jiya da safe na kwance shi a gona, ƙarƙashin dalbejiya, na zare harsunan biyu da wayar da ke tura su na jiƙa a kananzir. Murfin na mayar da hannu kawai, ban ɗaure ba, don kada ƙwallaye su zube. Da rana ta yi zafi muka taho gida da ƙafa.”

“Wa ya gan ku?”

“Ni na gan ta,” in ji Sodangi.

Mutanen da ke tsaye a tsakar gidan suka yi dariya marar daɗi. Wani ya ce ai tana iya zare harsunan bayan ta yar da mutum a titi, don ta sami abin faɗa. Mati ya ji maganar ta soke shi, don shi ma ita ce ta zo masa a rai.

Sodangi ya lalubo gefen rigarsa ya riƙe. “Baffa, in an tafi da ita, ni wa zai kai ni ko bakin rijiya?”

Mati ya zare rigarsa a hankali ya fita.

*

Daga bakin titi suka faro, suna bin sawun tayar baya-baya zuwa gonaki. Sawun ya nutse sosai a ƙasa.

“Ka gani,” Ɗanjuma ya ce a hankali. “Nauyin mutum fiye da ɗaya. Ba na son in faɗa, amma ido ba ya ƙarya.”

Mati ya tsuguna ya daɗe. Nauyi kam akwai. Sai dai keken da ake takawa tayar gabansa kan yi ɗan lanƙwasa hagu da dama, duk taku ɗaya lanƙwasa ɗaya. Wannan ya tafi ne a karkace, gefen hagu na tayar ya fi cin ƙasa, kamar an jingina shi a jikin mutum. Turawa aka yi, da kaya a kai. Mai turawar kuma ya bi ta kan busasshiyar ciyawar gefen hanya, bai bar komai ba sai karyayyun kara.

Sau biyu Mati ya hango wani ɗan wuri mai laushi a gaba, sau biyu Ɗanjuma ya riga shi takawa da takalminsa.

“Ya zol, mutumina, ka dawo bayana. Kana ɓata mini ƙasa.”

“Tsufa ne,” in ji Ɗanjuma. “Ka yi haƙuri.”

A ƙofar ruwan suka ga inda abin ya faru. Akwai busasshen jini a jikin ƙarfen da ake murɗawa a buɗe ruwa, da alamar an ja mutum. Wani ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, gafir ya kama shi, aka yi kokawa. Amma tun jiya rabin hilla sun zo kallo, sun tattake wurin kamar kasuwar shanu.

A kan hanyar da ta nufi gonar Huseina Mati ya ga sawun da ya sani: takalmin taya, na dama ya cinye ta waje. Na jiya da safe ne, ya shiga ya fito.

“Maliki,” ya ce.

“Ajalati, mai gyaran keke?” Ɗanjuma ya yi saurin cewa. “To. Shi ma Bilyamin ya taɓa kai shi ƙara. Kuma wa ya fi shi jin haushin yarinyar nan? Tun da ta fara gyara, rabin kekunan hilla gidanta ake kai su. Mu koma mu tambaye shi, rana na yi.”

*

Maliki mai gyaran keke yana rumfarsa yana liƙin tayar wani lokacin da suka iso. Da farko ya ce bai je gonar ba. Mati ya dubi takalmin Maliki kawai.

“To, na je. Amma Baba Mati, don Allah kada a ji.”

“Mi ka je yi?”

Maliki ya duba hagu da dama, ya rage murya. “Kallo. An ce ba ta sayen wayar firi, da kanta take yi. Na yi kamar wucewa nake. Ashe sili ɗaya take warewa daga tsohuwar wayar birki, ta naɗe shi a jikin ƙusa, ta yanke daidai. Shekara ashirin ina wanga aiki ina zuwa Sinnar sayen abin nan. In aka ji na je koyo wurin mace, ina zan sa kaina?”

“Ka ga firin a kwance?”

“Da idona. Harsunan suna cikin gwangwanin tumatir. Har na ce mata murfin nan ba ki ɗaure ba, wani ya taka shi da ƙarfi ƙwallaye za su watse. Ta ce wane mahaukaci zai hau keken da ba shi da ciki.”

“Jiya da aka kulle ta kana nan. Ka yi shiru.”

Maliki ya sunkuyar da kai. “Na ji tsoro a ce ni ne, tunda na je wurin.”

Da suka fito Ɗanjuma ya ce, “Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya zai ƙara. Ni a ganina ka sami mutuminka. Kai wa shehu shi, a saki ɗiyarka, kalas, shi ke nan.”

Mati ya so ya yarda, har ransa. Amma maganarsa da ta Maliki ba za su ishi mutanen da ke tsakar gidan shehu ba, kuma bai ga sawun Maliki a ƙofar ruwa ba.

“Ban ga gindin dalbejiyar ba tukuna,” ya ce.

“Cikin wannan ranar?”

“Kai ka zauna in ka gaji.”

Ɗanjuma ya girgiza kai. “A'a. Shehu ya ce in bi ka.”

*

Rana ta take tsaka lokacin da suka isa. Dawa ta fi tsayin mutum ta kowane gefe, ganyenta ya naɗe don ƙishi, ba motsin kowa, kowa ya gudu inuwa. Gwangwanin tumatir na nan a gindin itacen, an rufe shi da fasasshen kasko. Mati ya buɗe. Harsuna biyu na ƙarfe, kowane bai kai farcen yatsa ba, kwance cikin kananzir da ya yi baƙi.

Ya bi sawun tayar daga inda aka jingine keken. Taku shida kacal, sai ƙasa ta hargitse. Ya durƙusa. Ga ramin gwiwa. Ga tafin hannu da ya daki ƙasa. Ga inda kan keken ya caki kunya. Wani abu ya yi ƙyalli kusa da yatsansa, ya sa ƙaya ya tono shi: ƙwallon ƙarfe ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya ga na biyu, na uku. Har goma sha ɗaya ya tsinta, biyu daga ciki taya ta bi ta kansu ta danna su cikin ƙasa.

Ƙwallayen sun zube ne a nan, kafin keken ya tafi ko'ina. Wani ya zo a guje ya haye, ya taka feda da dukan ƙarfinsa, fedar ta tafi banza ta kayar da shi. Wadda ta zare harsunan da hannunta ba za ta yi wannan ba. Maliki ma ba zai yi ba.

Ya matsa gaba da gwiwa, ya ɗaga wani ganyen kabewa da ya yaɗu a bakin kunya, inda ƙasa ke da sauran danshi. Sawu ɗaya ne a ƙarƙashi, ƙafar dama, ba takalmi, kamar ta wanda ya fito daga cikin ruwa. Yatsu huɗu ne. Ƙaramin babu.

Mati ya san ranar da yatsan nan ya fita. Suna da shekara goma sha biyar, fartanya ta sare Ɗanjuma, Mati da kansa ya yaga rigarsa ya ɗaure wurin.

Inuwar Ɗanjuma tana kansa. Yana ganinta a ƙasa, doguwa, da inuwar sandar mai kan ƙarfe a gefenta. Bai ji lokacin da ya matso haka ba. Ya tuna ba wanda zai ji ihu daga nan, ya tuna kan Bilyamin. Bai juya ba.

“Mi ka gani?” in ji Ɗanjuma.

Mati ya saki ganyen ya koma wurinsa. “Ƙwallaye,” ya ce. “Na keke. Ba su da wani amfani.”

“A ƙarƙashin ganyen fa?”

“Kunama na zata.”

Inuwar ba ta motsa ba. Wata kurciya ta yi kuka can cikin dawa ta yi shiru. Mati ya ƙulle ƙwallayen a bakin rawaninsa, ya ɗauki gwangwanin ya miƙe da ƙyar.

“Ina jin maganarka ce,” ya ce. “Maliki ne. Mu je wurin shehu.”

Hanyar cikin dawa ta mutum ɗaya ce. Ɗanjuma ya tsaya gefe ya ba shi hanya ya wuce gaba, kamar yadda Mati ya umarce shi da safe. Mati ya yi tafiyar nan yana jin kowane taku a bayansa. Sai yanzu kunnensa ya kama abin da idonsa ya ƙi gani tun safe: taku ɗaya cikakke, ɗaya gajere. Duk sanda sandar ta daki ƙasa sai kafaɗunsa su ɗaga da kansu. Bai waiwaya ba har ya hango rufin masallaci da mata a bakin famfo. Nan ya zauna a kan wani dutse ya ce ƙaya ce ta soke shi.

*

Gab da la'asar aka taru a ƙofar gidan shehu. Aka fito da Huseina, ta tsaya jikin bango da mayafinta a baki, Sodangi na riƙe da gefensa. Aka turo keken tsakiya.

“Maliki,” in ji Mati, “hau ka taka mana.”

“Ni? Ina son ƙwaurina.”

“Don mi?”

Maliki ya tsuguna ya juya feda da hannu. Duk huɗun suka wulwula tare, sarƙa ta gudu, tayar baya ko motsi ba ta yi ba. “Ba harsunan da za su kama haƙora. In ka taka da ƙarfi ƙafarka za ta zame. Ga fedar gaba ta dama, robarta ta fita tun bara, tsinin ƙarfe ne zalla. Zai feɗe mutum daga nan har nan.” Ya ja yatsa daga idon sawunsa zuwa gwiwa. Sannan, ba tare da an tambaye shi ba, ya faɗi abin da ya gani jiya da safe, har da wayar birkin. Wasu suka yi murmushi, bai kula ba.

Mati ya kwance bakin rawaninsa ya zuba ƙwallayen a tafin shehu. Ya faɗi inda ya tsince su, da ramin gwiwa, da yadda aka tura keken maimakon a hau.

“Wanda ya yi wannan bai san keken ba shi da ciki ba. Kuma ba yar da Bilyamin ya je yi ba. Da yana son ɓoye shi, ga tur'a nan kusa. Titi ya kai shi don mota ta gan shi.”

“Wane ne?” in ji shehu.

“Allah shi gafarta, in na faɗi suna za a ce jini ne. Lokacin salla ya yi. Ina roƙo duk namijin da ke nan ya sake alwala a gaban jama'a.”

Aka yi ta kallon juna. Shehu ya fara naɗe wandonsa, sauran suka bi. Butoci suka zagaya. Ƙwauri bayan ƙwauri, masu kaushi, masu tsohon tabo, ba sabon rauni. Mutum ɗaya ne bai tsuguna ba.

“Ina da alwala,” in ji Ɗanjuma.

Mati ya ɗauki buta ya taka har gabansa. Ya ajiye ta a ƙasa tsakaninsu.

Ɗanjuma ya daɗe yana kallon butar. Sannan ya jingine sandarsa a bango, ya zauna, ya ja jallabiyarsa sama. Tsumma ne naɗe daga idon sawu zuwa gwiwa, jini da baƙin mai sun ɓullo ta cikinsa.

“Dawata ta kwana goma sha tara ba ruwa,” ya ce, yana kallon ƙasa. “Na ce in buɗe sa'a ɗaya kowa na barcin rana. Ya riƙe mini wuya, na ture shi. Ture shi kawai na yi. Da na ga jinin sai na tuna keken.” Ya ɗaga kai wajen bango. “Huseina, jiya na zo har ƙofar nan sau biyu in faɗa. Ƙafata ta ƙi shiga.”

Huseina ta zame jikin bangon ta zauna a ƙasa, kuka ya ƙwace mata. Sodangi yana lalubar kanta yana tambaya, “An sake ta? Ku gaya mini, an sake ta?”

“An sake ta,” in ji shehu. “Ku tafi gida.”

Ƙarar motar bolis ta taso daga wajen titi. Mutane suka dare, aka bar Mati da Ɗanjuma su biyu a tsakiya.

“Tun a gona ka gane,” Ɗanjuma ya ce ƙasa-ƙasa.

“Tun a gona.”

“Ka zaci zan buge ka.”

Mati bai yi ƙarya ba. “Na zata.”

“Ni ma ban san abin da hannuna zai yi ba. Shi ya sa na riƙe sandar da hannu biyu.” Ya goge fuska. “Matata Fatsuma ba ta san komai ba. Na ce mata kara ne ya yanke ni. Kada ta ji a bakin famfo, Mati.”

Da motar ta tashi da shi, aka tayar da salla. Mati bai shiga sahu ba. Ya bi ta bayan masallaci, ta lungun da ya bi sau dubu tun yana saurayi, ya tsaya a ƙofar gidan abokinsa. Daga ciki yana jin Fatsuma tana kwashe kisra, wainar dawa, daga kan wuta tana yi wa kaji faɗa. Ya yi sallama, ba ta ji ba. Ya sake.

“Maraba, Mati,” ta ce daga ciki. “Shigo mana. Ina ka baro mini shi? Tun safe bai ci komai ba.”